Yaya Fatsuma da Taron Iyaye na Makarantar Nagoda

Tun shigar Siddiƙa makarantar sakandare ta Nagoda da ke nan Tudun Wada, yayata Fatsuma ce take zuwa taron iyaye na ƙarshen shekara. Malamai da ɗalibai duka a matsayin Maman Siddiƙa suka san ta. Ni ce na haifi Siddiƙa. Bana, bayan rasuwar yarinyar, aka sake kiran taron, aka ce lallai mahaifiyarta ta zo, kuma har muka zauna a ƙarƙashin rumfa ba mu san wace ce a cikinmu za ta miƙe idan an yi kira ba.

Siddiƙa ce 'yar farina. A gidanmu na cikin birni uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta shiga gaba a kan lamarinsa. Yaya Fatsuma ita ce ta fari a wurin mahaifiyarmu, kuma har Iya ta bar duniya ban taɓa jin ta ce "Fatsuma" ba, sai dai "babbar" ko "waccan". Ni na yi jami'a, na karanta harhaɗa magunguna, ina aiki a ɗakin magani na wani asibiti. Ƙawayena da yawa sun bar wannan al'ada, ni ma na yi niyyar bari. Rubuta sunan ba ya ba ni wahala, ga shi ma ina rubutawa. Amma da baki, sai harshena ya yi nauyi, in ce "ke" ko "yarinyar nan". Ita kuma ta tashi tana ce mini Anti, yadda ta ji 'ya'yan dangi suna faɗa, tana ce wa Yaya Fatsuma Inna. Ƙannenta Khalifa da Ashraf kuwa ina ƙwala musu kira har maƙwabta su ji. Mahaifinsu ma irin wannan tarbiyyar ya samu, shi ya sa ya ɗauki makarantar yara maza ya bar mana ta mace.

Yaya ta girme ni nesa. Ta gama firamare aka tsaya da ita a gida, ta koyi surfani a wurin wata gwaggonmu, har yau da shi take rayuwa: manyan riguna da wuyan kaftani, wani lokaci huluna. Ta yi aure a Kwangila, mijinta direban motar haya ne, mutum mai shiru-shiru. Allah bai ba su haihuwa ba. Da ya rasu Siddiƙa tana rarrafe, sai Yaya ta dawo wurinmu da niyyar yin wata biyu. Ɗakin da muka ba ta shi ne nata har yau. Mace ce mai murya, mai dariya da dukan cinya, ba ta riƙe lamba ko ta wayarta. Namiji kuwa da hularsa take auna shi. In ta ce wane mutumin kirki ne amma ɗinkin hularsa na inji ne, to ta gama da shi.

Shugaban makarantar, Malam Kailani, yana da tsarinsa a wannan taro. Zai fara da bayanin abin da makaranta ta yi a shekarar, da inda ta gaza, da abin da take son yi baɗi. Daga nan sai a zo kan ɗaliban da suka yi fice. Ba ya kiran ɗalibi da kansa. Uwa ko uba yake kira gaba, ya miƙa masa makarufo, ya ce ya kira ɗansa da sunansa, yaron ya fito daga cikin 'yan ajinsu. A ganinsa ya kamata yaro ya ji iyayensa sun ambace shi a bainar jama'a ko sau ɗaya a shekara. Ya san da kunyar ɗan fari sarai, har ma yana jin daɗin tsokanar masu ita. Shekarar farko da Siddiƙa ta zo ta gaya mana za a kira ta, ta bayyana yadda ake yi, sai na ce ranar ina da aiki. Gaskiya ne ina da aiki, amma da na nemi canji da an ba ni. Yaya ta ce, to, ita ba ta da ofis, kuma bakinta ba ya ciwo. Ta ɗauko mayafinta ruwan zuma wanda take zuwa biki da shi, ta tafi.

An ce da ta karɓi makarufo sai da ta ja sunan har tsuntsaye suka tashi daga kan darbejiya. Malam Kailani ya ce wa sauran iyaye su yi koyi da Hajiya Fatsuma. Babu wanda ya tambaye ta ko ita ce mahaifiyar, ita ma ba ta ga dalilin bayani ba. Yarinya ta fito tana cewa Inna, sunan mahaifi ne a takardun makaranta, lambar wayar Yaya ce aka karɓa. Da haka abin ya zauna.

Kowace shekara in ta dawo, tun ba ta cire mayafi ba take zama a bakin gadona ta ba ni rahoton taro. Ni ina son in ji ɗalibai nawa suka ci jarrabawar fita, lissafi ya gyaru ko bai gyaru ba, malaman kimiyya nawa suka rage. Ita kuwa sai ta fara da wadda ta zo da leshi irin na amare, da uban da aka ba makarufo ya ce "kai, fito" har yara uku suka miƙe. In na matsa mata kan sakamako, sai ta ce, "An dai ce an samu ci gaba, 'yar boko. Kowa ya tafa." Takan haɗa maganar bana da ta bara, ta sa abin da wani uba ya roƙa a bakin shugaban makaranta. Ta taɓa kwatanta mini sabon ɗakin gwaje-gwajen kimiyya har da launin tagoginsa. Siddiƙa tana gefe tana dariya, ba ta gyara mata. Ni kuma ba na juyawa in tambayi yarinyar kai tsaye, don kada ya zama kamar ina neman a yabe ta a gabana. Nakan tattara abin da na ji in yi ta ƙoƙarin haɗa shi, kamar mai karanta rubutun likitan da bai saba da shi ba.

A ajin ƙarshe Siddiƙa da wasu ƙawayenta suka haɗa akwatin busar da tumatir da zafin rana, na katako da leda mai haske da raga, don masu sayar da kayan miya su daina asarar abin da ya kwana. Yaya ce ta ɗinka musu ragar, tana kiran abin kejin kaji. Ni na ara musu ma'aunin zafi, na nuna mata yadda za ta rubuta abin da ta gani safe da rana. Sun kai shi gasar makarantu suka yi nasara. Ba a jima ba ta kwanta da zazzaɓi. Mun kai ta asibiti da wuri, an yi abin da ya kamata, na san an yi, don aikina ne in sani. Allah Ya karɓi abarsa ranar wata Talata da hantsi, tana da shekara goma sha bakwai.

Da 'yan makarantar suka zo ta'aziyya, Malam Kailani da malamai maza suka zauna a waje da mahaifinta. Mataimakiyarsa, Malama Bahijja, ta shigo da malamai mata. Ta wuce ni, ta durƙusa gaban Yaya, ta riƙe hannuwanta biyu tana kuka tana cewa Allah Ya sa mai ceto ce. Sai da ta gama ta juyo gare ni ta ce, "Hajiya, sannu da ɗawainiya. A dinga kula da ita, rashin 'ya ba wasa ba." Na ce amin, na gode. Ɗakin cike yake da mata da suka san gaskiya, amma kowa ta ɗauka baƙin ma sun sani, suna dai girmama babba ne. Yaya ba ta ji ba, fuskarta na cikin mayafi. Ni kuwa ban san yadda uwa take buɗe baki a zaman makoki ta ce ni ce ba.

Da damina ta kankama, Malama Bahijja ta kira wayar Yaya. Ta ce taron bana ranar Asabar ne, makaranta tana da abin da za ta yi don tunawa da marigayiya, suna roƙon mahaifiyarta ta daure ta zo. Yaya ta same ni a kicin ta faɗa mini, ta ce ita ba za ta je ba, bana tawa ce. Na ce ai ita suka sani. Ta ce su sani mana, ita ta haife ta? Na ce ba ita ta haife ta ba, amma ita ta goya ta. Ta ce goyo ko akuya ma in an ɗaura mata za ta yi. Muka bar maganar a nan.

Kwanakin da suka biyo baya na kasa gane abin da take so, na kasa gane abin da nake so. Akwai lokacin da nake jin in ban tsaya a gaban mutanen nan na ce ni ce uwarta ba, to babu sauran wurin da zan faɗa. Sai kuma in hango Yaya a kan tabarmarta, allura a hannu ba ta ɗinki, in tuna cewa a duk garin nan wannan makaranta ce kaɗai inda ake ce mata maman wani. In na miƙe na gyara, za a ce mata sannu da ƙoƙari, ta koma yayar uwa kawai. Ranar Alhamis ta ce mini ƙafarta na ciwo, ko ƙofar gida ba za ta iya zuwa ba. Ranar Juma'a na ga mayafin ruwan zuma a goge, a rataye a bayan ƙofarta. Na tambaye ta, ta ce ni ta goge wa. Na ce ai ya yi mini tsawo. Ta ce to sai in naɗe.

Asabar da safe na fito a shirye na tarar da ita a tsakar gida, mayafin a kanta. Ta ce raka ni za ta yi, don ban san ƙofar da ake shiga ba. Muka tari Keke Napep.

Tun daga bakin ƙofa ake gaishe ta. Maigadi ya cire hula, 'yan mata suka riƙa durƙusawa suna cewa Inna ina kwana, ya haƙuri. Aka kai mu layin gaba. Kujera ɗaya aka tanada, sai da aka jawo mini wata daga baya. An yi ruwa da asuba, rumfar tana ɗiga ta gefe, mutane suna ta jan kujeru suna matsawa.

Malam Kailani ya miƙe, dogo ne siriri, muryarsa ba ta da ƙarfi. Ya ce sakamakon jarrabawar fita ya fi na bara, musamman a Turanci da ilimin halittu, amma lissafi har yanzu yana ba su kunya, kuma malamin da suka dogara da shi ya samu aikin gwamnati ya tafi. Ya ce rijiyar burtsatse ta fara aiki, yara sun daina fita neman ruwa. Ya ambaci waɗanda suka je musabaƙar Alƙur'ani da masu muhawara. Ya roƙi iyaye su rage aiken 'yan ajin ƙarshe kasuwa da yamma. Duk lambobin da na yi shekaru ina nema a bakin Yaya ya faɗe su ɗaya bayan ɗaya, a fili. Ina jin su suna wucewa, ban riƙe ko ɗaya ba. Na tsinci kaina ina kallon hularsa, ina tunanin ko ɗinkin hannu ne.

Da ya zo kan burin baɗi, ya ce suna fatan ɗaga ginin ɗakin gwaje-gwaje daga harsashi, ya nuna wani fili da bulo ya yi layi biyu, ciyawa ta rufe shi. Na sunkuya na ce, "Yaya, ba kin ce an gama ba? Har da tagogi shuɗaye?"

Ta ce, "Ga tagogin can."

"Wancan ofishin malamai ne."

"To ai an ce in sha Allahu. Ke dai ki saurara."

Aka shiga kiran iyaye. Wani dattijo, Alhaji Gwadabe, ya karɓi makarufo ya ce, "Kai, taso mana." Aka yi dariya. Malam Kailani ya ce a makarantar nan ba su da ɗalibi mai suna Kai. Dattijon ya ce to mai sunan Malam ya fito. Aka ce masa masu sunan Malam sun fi ashirin. Daga ƙarshe ya kawar da kai gefe ya faɗi sunan kamar mai haɗiye magani, yaron ya fito yana rufe fuska. Yaya ta yi dariya har ta dafa ni, sai kuma ta tsaya cak, ta janye hannunta.

Bayan an gama da kowa, wasu 'yan mata suka ɗauko akwatin busar da tumatir suka ajiye a kan tebur. Ragar Yaya tana jikinsa. Malam Kailani ya ce a bana makaranta ta yi rashi. Ya faɗi abin da Siddiƙa ta yi, bai ƙara ba, bai rage ba. Ya ce daga yanzu kyautar ɗalibar da ta fi ƙwazo a kimiyya za ta ɗauki sunanta, kuma kowace shekara mahaifiyarta ce za ta riƙa miƙa ta. Sa'an nan ya ce, yau babu wadda za ta fito daga cikin aji, amma duk da haka yana roƙon mahaifiyarta ta taso ta ambaci sunan, jama'a su yi mata addu'a.

Yaya ta taɓa ni da gwiwar hannu. Na taɓa ta. Ta yi kamar za ta tashi, na yi kamar zan tashi, kowa ta ga 'yar'uwarta ta motsa ta koma ta zauna. Malama Bahijja ta ɗauka nauyin zuciya ne ya hana, ta zo ta kama Yaya ta ɗaga ta. Yaya ta damƙe wuyan hannuna da ƙarfin mai riƙe allura, ta ce wai ƙafarta, in tallafe ta. Haka muka isa gaba mu uku, ban san ko ni nake riƙe da ita ko ita take ja na ba.

Aka ba ta makarufo. Ta buɗe baki, matar da tsuntsaye ke tashi in ta yi kira, babu abin da ya fito. Ta sake gwadawa. Sai ta tura mini shi a ƙirji ba tare da ta kalle ni ba. Ban sani ba ko muryar ce ta ɗauke da gaske, ko da gangan ta yi. Na tambaye ta daga baya, ta ce in daina tambayar banza.

Na riƙe abin, ya fi yadda na zata nauyi. Na ga layin 'yan ajinsu da fararen hijabai. Na yi tunanin in fara da bayani, in ce ni ce wance, ni ce kaza, amma ba bayani aka nema ba. Na ce, "Siddiƙa." Na ji sunan ya fito ta lasifika ya dawo mini da wata murya da ban sani ba. Wani malami ya ɗaga hannu ya fara addu'a, jama'a suka amsa.

Malam Kailani ya karɓi makarufo ya yi wa Hajiya Fatsuma godiya da ta daure ta zo, ya kuma gode wa 'yar'uwarta da ta taimaka mata. Da aka tashi, Malama Bahijja ta raka mu ƙofa, ta ce mini, "Hajiya, ashe ke ƙanwarta ce? Na ga kama." Yaya tana tsaye a gefena, ta daina gyara mayafi, tana jira. Na ce e, ƙanwarta ce ni, uwa ɗaya uba ɗaya. Malamar ta ce Allah Ya bar zumunci, baɗi ma in rako ta.

A cikin Keke, mun wuce kasuwa kenan, Yaya ta gyara zama ta fara ba ni rahoton taro kamar ban je ba. Ta ce an samu ci gaba sosai, lissafi ma ya gyaru, an kawo sabon malami. Na ce ba haka ya ce ba, cewa ya yi malamin ya tafi. Ta ce, "Ke da zuwanki ɗaya za ki gaya mini taron Nagoda?" Ta ce hular Malam Kailani ta bana ta hannu ce, a yaba masa. Can kuma ta ce, tana kallon titi, "Muryarki ba ta fita, Ishatu. Ana jan sunan ne. Ba a ajiye shi haka kamar kofi."

Na ce na ji.

Ta ce, "Baɗi ni zan miƙa kyautar, ke ki kira. Kafin nan ki dinga gwadawa a ɗaki."

Mai Keke ya tambaya ko a nan za mu sauka. Mu duka biyu muka amsa, ita ta ce e, ni na ce a ɗan ƙara gaba.